Raunin Ji da Jinkirin Magana ga Ƙaramin Yaro: Abin da Ke Gaban Iyaye

1.0 Gabatarwa

Idan yaro ya kai shekara biyu bai fara magana ba, abin da akan ce a gidajen Hausawa shi ne yana da nauyin baki, a yi masa haƙuri. Wani lokaci hakan ne. Amma sau da yawa matsalar tana kunne ne, kuma kowane wata da aka ɗauka ana jira, asara ce ga harshen yaron. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda raunin ji ke tauye koyon harshen uwa, da dalilin da ya sa yake ɓuya ga iyaye, da kuma matakan da ya kamata su ɗauka.

2.0 Matakan Koyon Harshe

Yaro mai lafiyar ji yakan fara gwarancin jarirai tsakanin wata 6 zuwa 10, wato ya riƙa maimaita gaɓa mai baƙi da wasali kamar "ba-ba-ba" ko "da-da-da". Kalmarsa ta farko kan fito wajen shekara ɗaya. Zuwa shekara biyu yakan haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Mama zo". Shi ma jaririn da ba ya ji yana kuka, yana dariya, yana fitar da ƙara a watannin farko, saboda haka uwa ba ta ganin wani bambanci. Oller da Eilers sun nuna a 1988 cewa bambancin yana bayyana ne a wajen maimaita gaɓa, domin kurman jariri yakan makara ƙwarai kafin ya kai wannan mataki.

Tun a 1967 Lenneberg ya kawo ra'ayin cewa akwai wani lokaci na ƙuruciya da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe, kuma idan ya wuce koyon kan yi wuya. Binciken da Yoshinaga-Itano da abokan aikinta suka buga a 1998, a kan yaran jihar Kolorado ta Amurka, ya gano cewa waɗanda aka gane raunin jinsu kafin wata 6 sun fi waɗanda aka makara a kansu ƙwarewa a harshe. A kan irin wannan ne aka gina ƙa'idar da ƙasashe da dama ke bi, wato a tantance jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6.

3.0 Musabbabi da Dalilin Ɓuyan Matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa yara miliyan 34 ne ke fama da raunin ji mai nakasarwa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin jin yara daga abubuwan da za a iya kaucewa ne. Daga cikinsu akwai sanƙarau, wanda a 1996 ya kama mutane fiye da 100,000 a arewacin Nijeriya, da ƙyanda, da hangum, da shawara mai tsanani ga jariri, da ciwon kunne mai zubar da mugunya, da wasu allurai irin su jentamaisin idan an yi su ba bisa ƙa'ida ba. Akwai kuma kurumtar gado. Wasu daga cikin waɗannan cututtuka sukan taɓa ƙwaƙwalwa ko ɓangaren kunne mai daidaita tsayuwa, sai a ga yaro ya makara wajen zama ko tafiya. Don haka wajibi ne a bambanta jinkirin da rashin ji ya haifar da wanda ya zo tare da shi, kuma likita ne kaɗai zai iya yin wannan.

A babban gida matsalar tana samun wurin ɓuya. Yaro yana ganin yayyensa sun ruga wajen kwanon abinci sai ya bi su, a ɗauka ya ji kira. Yana jin girgizar ƙasa idan ana daka, ya waiwaya, a ce ai yana ji. Idan bai amsa ba kuma a ce taurin kai ne. Inda uwa ke kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yawan yi masa magana a gaban mutane, kaka ko 'yar raino ce ta fi kusa da lura da alamun.

4.0 Raunin Ji da Tsarin Sautin Hausa

Raunin ji hawa-hawa ne. Wani yaro yana jin ƙara amma ba ya rarrabe magana. Wasula suna da kauri da ƙarfi, su kuwa zuzau irin su /s/ da /sh/ sirara ne marasa ƙarfi, kuma galibi su ne ke fara ɓacewa. Irin wannan yaro zai iya kama karin sauti da tsawon wasali, amma "ya sare" da "ya share" su zama abu ɗaya a kunnensa. Maganarsa takan fito da karin Hausa, baƙaƙen kuwa a zube, sai iyaye su zaci tsamin baki ne kawai.

Akan kuma ɗauka cewa kallon leɓe zai wadatar da shi. Amma /b/ da /ɓ/ da /m/ duk leɓawa ne, siffarsu ɗaya a ido, saboda haka bari da ɓari da mari ba su rabuwa. Hanɗawa /k/ da /ƙ/ da /g/ kuwa a can cikin baki ake furta su, ido ba ya kai wa gare su. Haka kuma karin sauti, wanda ke bambanta ma'ana a Hausa, ba a ganinsa a leɓe sam.

5.0 Matsayin Maganar Hannu

Stokoe ya tabbatar a 1960 cewa maganar hannu ta kuramen Amurka harshe ce mai tsari na kanta. Petitto da Marentette kuma sun nuna a 1991 cewa kuramen jarirai da ke tashi cikin masu maganar hannu suna yin gwaranci da hannuwansu, kamar yadda masu ji ke yi da baki. Ke nan ƙwaƙwalwa harshe take nema, ta kunne ya shigo ko ta ido. Ƙasar Hausa tana da nata harshen hannu, wanda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano, ta buga littafi a kansa a shekara ta 2000 mai suna Maganar Hannu. Makarantun kurame kuwa sun fi koyar da tsarin da ya samo asali daga Amurka, wanda Andrew Foster ya yaɗa bayan ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960.

Mafi yawan kuramen yara iyayensu masu ji ne. Irin waɗannan iyaye kan ji tsoron cewa nuni da hannu zai hana yaro buɗe baki, su kuma guji a kira shi bebe. Bincike bai goyi bayan wannan tsoro ba. Abin tsoron shi ne yaro ya kai shekara biyar ba shi da harshe ko ɗaya da zai yi tunani da shi, ya tambaya, ya faɗi inda ke yi masa ciwo.

6.0 Matakan da Iyaye Za Su Ɗauka

Na farko, a kai yaro gwajin ji da zarar an yi zargi. Tafi a bayan kunne ba gwaji ba ne. Akwai na'urorin da ke auna amsar kunne da ta jijiyar ji alhali jariri yana barci, kuma Olusanya ta nuna a Legas cewa ana iya yin irin wannan tantancewa a wuraren rigakafin yara. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa suna da sassan wannan aiki. Na biyu, a yi maganin ciwon kunne a asibiti, a daina ɗiga masa mai ko ruwan ganye. Na uku, idan an ba da na'urar ƙara ji, a tabbatar yana sa ta a duk lokacin da yake farke. Na huɗu, a riƙa fuskantarsa cikin haske ana yi masa magana tare da nuni. Yaron da ke goye ba ya ganin fuskar uwa ko hannunta, don haka a ƙara masa lokacin zama a cinya. Na biyar, a sada shi da manyan kurame na unguwa, 'yan gida kuma su koyi maganar hannu tare da shi.

7.0 Kammalawa

Jinkirin maganar yaro mai raunin ji ba shaida ce ta ƙarancin hankali ba, alama ce ta harshen da bai isa gare shi ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nauyin da ke kan masana harshe shi ne su samar da jerin kalmomin gwajin ji da ya dace da sautukan harsunan Nijeriya, su kuma faɗaɗa nazarin maganar hannu ta gida, domin uwar da aka shaida wa ɗanta ba ya ji ta sami abin da za ta fara koya masa tun daga ranar.