Kyamarar Aljihu Da Hoton Da Ke Cikinta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Fada ranar Hawan Daushe, ko a bakin hanya cikin Kwarbai sa'ad da dawaki ke wucewa, ya ga mutane sun ɗaga hannu sama suna ɗaukar hoto. Yau da waya a ke ɗauka. Amma wajen shekarar 2010 wata 'yar na'ura ce a hannun mutane, girmanta bai fi na sabulun wanka ba. Ita ce kyamarar aljihu, wadda ba a sa mata fim. Har yanzu tana nan a gidaje, cikin akwati ko ƙarƙashin katifa, kuma hotunan iyali suna cikinta. Saboda haka ya kamata mu san yadda ta ke aiki.

A da, in mutum yana son hoto, sai ya sayi fim, mai ɗaukar hoto 24 ko 36. In fim ya cika, a kai shi wurin masu wanki a Tudun Wada ko Sabon Gari, a jira kwanaki. Sai an wanke sa'an nan za a san ko amarya ta rufe ido. Kyamarar da ba ta da fim, wani ma'aikacin kamfanin Kodak a Amurka, mai suna Steven Sasson, shi ya fara haɗa ta a 1975, watau shekarar da aka naɗa marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris. Nauyinta ya fi kilo 3 da rabi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto guda, fari da baƙi. A 1995 kamfanin Casio na Japan ya fito da wata ƙarama mai allo a baya, inda mutum zai ga hoto nan take. Daga nan kasuwa ta buɗe. A 2010 kaɗai masana'antu suka fitar da fiye da miliyan 120. Da wayoyi masu kyamara suka yawaita sai cinikin ya faɗi, har a 2020 bai kai miliyan 10 ba.

To, ina hoton ya ke zama, tun da ya ke babu fim? A bayan gilashin gaba, watau idon kyamara, akwai wani ɗan falle da bai kai farce girma ba. A kansa an jera 'yan idanu ƙanana miliyoyi. In ka danna, haske ya faɗa musu, kowane ya auna hasken da ya same shi, na'ura ta mai da awon nan lamba, ta rubuta lambobin cikin wani ɗan kati da a ke kira memori. Ashe ke nan ba hoto ne a cikin kati ba, lissafi ne. Kowane ɗan ido ɗigo guda ne na hoton, ɗigo miliyan ɗaya kuwa shi a ke kira megafiksel. Mai kanti zai yi ta yaba maka mai 16 a kan mai 8. Kada wannan ya ruɗe ka. Hoto irin na albam, mai inci 4 da inci 6, ɗigo miliyan 2 da 'yan kai sun ishe shi.

Masu ita sun ji daɗinta ƙwarai. Ba sayen fim, wanda bai yi kyau ba a goge shi a sake. Masu hoto na gidan biki su kan ɗauka, su ruga a buga, su komo da hotuna tun taro bai watse ba. Amma sun sha wuyarta kuma. Batir ne kukan farko. Irin wadda ke cin batir biyu na ƙaramar tocila, in aka sa mata mai araha na rediyo, ba ta daɗewa sai ta mutu. Mai caji ya fi, kuma a riƙe wani a aljihu. Ga kuma jinkiri. Mahayi ya taso da jafi, ka danna, kafin kyamara ta gama daidaita idonta doki ya wuce, sai wutsiya ka samu. Dabarar ita ce ka danna rabi tukuna, ka riƙe, in doki ya iso ka ƙarasa. Fitilarta kuwa ba ta wuce kamar yadi uku ko huɗu. Wanda ya tsaya a bakin zaure da dare ya ɗauki ango a ƙuryar tsakar gida, duhu zai ɗauko.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarta. Idonta yana fitowa in an kunna, ya koma in an kashe, ƙwayar yashi guda in ta shiga tsakani sai ya maƙale, gyara kuwa wani lokaci ya fi kuɗin sayen wata. A riƙa sa ta cikin jakarta. Kada a goge gilashin da bakin riga, gama ƙurar da ke jikin riga ita ke karce shi. A busa tukuna, a shafa da tsumma mai laushi.

Amma duk waɗannan ƙananan hasara ne. Babbar hasara tana wajen kati. Hoton takarda, in gara ta ci ɗaya, saura suna nan. Kati kuwa in ya lalace, ɗari biyar su kan tafi gaba ɗaya, na suna da na aure da na tsoho wanda ya riga mu gidan gaskiya, wanda ba dama a sake ɗaukarsa. Abin da ke lalata kati sananne ne. Akwai zare shi kyamara na kunne tana cikin rubutu. Akwai sa shi cikin kwamfutar haya mai cutar bairos. Akwai yaro ya ɗauka yana wasa ya danna wurin da ke share kati duka. Akwai kuma katin jabu, wanda aka rubuta masa girman da ba shi da shi, yana cika sai tsofaffin hotuna su ɓaci, mai shi bai sani ba.

In hotuna sun goge bisa kuskure, tsaya nan, kada ka ƙara ɗaukar ko da guda. Sau da yawa lambobin suna nan a kwance, sunansu kaɗai aka share, mai gyaran kwamfuta yana iya tono su. Sabon hoto ne ke hawa kansu ya binne su. A gefen babban kati akwai wani ɗan makulli, in ka ja shi ƙasa ba a iya gogewa, ba a iya ƙarawa.

Saboda haka, mai karatu, in akwai irin wannan kyamara a gidanku, ɗauko ta yau. Fara cire batir, gama wanda ya daɗe a ciki ya kan zubo ruwa ya cinye ƙarfen. Zare katin, ka kai inda ka amince, a kwafe hotunan wuri biyu, ɗaya a gidanka, ɗaya wurin wani ɗan'uwa. Sa'an nan zaɓi waɗanda ba ka son rasawa a buga maka su a takarda. Ɗauki fensir ka rubuta a bayan kowane sunan mai hoton, da unguwa, da shekara.