Ɗan kokowa ya bugu a ka? Kada ya koma fili a ranar

Jama'a, kaka ta yi, kokowa ta dawo filayen Azarori, Madawa da Buza. Gadonmu ce, don a Tawa aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975.

Sai dai likitocin da ke koyar da lafiyar 'yan wasa suna ja mana kunne kan buguwar kai. Bincikensu ya nuna ba sai mutum ya suma ba ƙwaƙwalwa take jigata. Jiri, amai, ciwon kai ko ruɗewa bayan faɗuwa sun isa alama.

Wanda aka ga haka gare shi, a fitar da shi, a kai shi likita, ko da ya ce ya warware. Bugu na biyu kafin ƙwaƙwalwa ta huta ya fi na farko haɗari.

'Yan uwa da ke waje, ku faɗa wa ƙannenku.