Tsohon Soja a Gwarzo da Kabo: Yadda Waya da Kwamfuta Suka Shiga Harkar Lafiyarsa

Sojan da ya ajiye kaki ya koma gida Gwarzo ko Kabo bai rabu da tsarin lafiyar rundunar ba. Abin da ya canza shi ne nisa. A bariki taku kaɗan ne tsakaninsa da likita. Yanzu kuwa daga Gwarzo zuwa birnin Kano kusan kilomita 70 ne, a kan titin da ya bi ta Rimin Gado da Barikin Janguza. Ga dattijo mai hawan jini ko ciwon suga, wannan tafiya ba ta kullum ba ce.

Ga yadda tsarin yake. Kamfanin Defence Health Maintenance Limited, wanda aka fi sani da DHML, shi ke kula da inshorar lafiyar sojoji, har da waɗanda suka yi ritaya, a ƙarƙashin hukumar NHIA da dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS. Mai rajista yana da asibitin farko da zai riƙa zuwa. Idan ciwo ya fi ƙarfin wurin, sai a tura shi gaba, amma sai an samo lambar izini daga kamfanin kafin babban asibiti ya karɓe shi a kan inshora. Gaba ɗin na iya zama Asibitin Ƙwararru na Sojoji da ke Kano, ko Asibitin Sojoji na 44 a Kaduna.

Wannan lamba ita ce inda fasaha ta fara shigowa, domin ta waya ko intanet ake neman ta. Idan sunan da ke kwamfuta ya saɓa da na katin, ko layin da aka yi rajista da shi ya ɓata, sai majinyaci ya wuni a benci. Hukumar Fanshon Sojoji ma ta ɓullo da tantancewa ta intanet, don haka wayar ta zama kamar katin shaida na biyu.

A Amurka an daɗe a wannan hanya. Ma'aikatar tsofaffin sojojinsu, VA, tana kula da mutum sama da miliyan 9, ta kuma raba asibitocinta shiyya-shiyya. Tun shekarun 1980 take adana bayanan majinyata a kwamfuta, a manhajar da daga baya aka sa wa suna VistA, kuma tana da manhajar VA Video Connect da ɗan ƙauye ke ganin likita da ita ta bidiyo.

Amma babbar ribar adana bayanai tana wajen bincike. Likitocin VA ƙarƙashin Dakta Edward Freis ne suka nuna, a sakamakon da suka fitar a 1967 da 1970, cewa shan maganin hawan jini yana rage shanyewar ɓarin jiki. Ƙwayar da ake ba dattijo a Babban Asibitin Gwarzo yau, wani ɓangare na hujjarta daga can ya fito. A 2011 suka fara tara jini da tarihin lafiyar tsofaffin sojoji don nazarin ƙwayoyin gado, suka cika mutum miliyan ɗaya a 2023.

Mu ma ba a bar mu a baya gaba ɗaya ba. Tun 2005 Ma'aikatar Tsaron Najeriya ke aiki da Cibiyar Walter Reed ta sojojin Amurka kan cutar ƙanjamau, kuma haɗin gwiwar ya samar da babban ɗakin gwaje-gwaje na soja a Abuja. Sai dai ƙarfin aikin ya fi karkata ga cututtuka masu yaɗuwa. Ciwon tsufa, raunin kunne daga ƙarar bindiga, da firgicin da ke bin wanda ya dawo daga Laberiya, Saliyo ko dajin Sambisa, su ma suna buƙatar a ƙirga su, kuma ba a ƙirga abin da ke cikin fayil ɗin takarda a kabad.

A ganinmu, ba manhajar bidiyo ce buƙatar farko ba a ƙauyukan Kabo, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ga tsadar data. Saƙon tes na tuna ranar ganin likita, da lambar izini da za ta iso ƙaramar waya mai madannai, sun fi kusa da rayuwar mutanen.

Kafin nan, idan kana da uba ko kawu tsohon soja, duba masa abu uku: layinsa na haɗe da NIN, sunansa iri ɗaya ne a katin inshora da banki da takardar sallama, kuma ka ɗauki hoton takardun asibitinsa ka ajiye a Google Drive. Duk wanda ya kira shi da sunan tantancewa yana neman lambar sirrin ATM, ɗan damfara ne, a kashe wayar.