Kogon Bakin Saksofon: Yadda 'Yar Iska Kaɗan ke Sauya Murya

Saksofon abin busa ne na farin ƙarfe da tagulla wanda Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, ya ƙago, ya kuma yi masa rajista a birnin Faris a shekarar 1846. Jikinsa bututu ne mai siffar mazurari, kamar dai algaita: tsukakke daga sama, yana buɗewa sannu a hankali har zuwa ƙasa. A kan tsukakken gefen ake cusa bakin busa, wanda ake ƙerawa da taurarriyar roba ko ƙarfe, a ɗaura masa harshe, wato siririn ɓallin kara mai kaɗawa idan iska ta bi ta kansa. A cikin wannan baki akwai ɗan kogo. Masu busa da yawa sukan yi wa kogon gyara don neman murya mai daɗi, sai su tarar muryoyin abin busar sun daina jituwa da juna. Dalilin haka yana cikin lissafi.

Iskar da ke cikin bututu tana kaɗawa ne gwargwadon tsawonsa. Dogon bututu yana ba da kakkaurar murya, gajere kuwa siririya. Idan aka buɗe ramukan jikin saksofon ɗaya bayan ɗaya, tamkar ana gajarta bututun ne. Cikakken mazurari mai tsini yana da wata baiwa: kaɗawarsa ta biyu ninki biyu ce ta farko, ta uku kuma ninki uku. Saboda haka yatsun da suka ba da murya mai kaɗawa 220 a sakan ɗaya, su ne za su ba da mai kaɗawa 440 idan aka danna maɓallin hawa, kunne kuma ya ji su sun dace.

To, amma ba a iya busa mazurari mai tsini, domin babu inda iska za ta shiga. Dole aka datse tsinin, aka sa bakin busa a gurbinsa. Arthur Benade, masanin kimiyyar sauti na Jami'ar Case Western Reserve a Amurka, ya bayyana ƙa'idar a littafinsa na 1976: in ana son mazurarin da aka datse ya yi aiki kamar cikakke, wajibi ne iskar da bakin busa ke ɗauka ta yi daidai da wadda tsinin da aka datse zai ɗauka. Ma'ana, kogon biyan bashi yake yi.

Bashin ba shi da yawa. A ɗauka faɗin bakin bututun milimita 12 ne, tsinin da aka datse kuma santimita 22. Idan aka bi ƙa'idar da ɗalibai suka sani, wato sulusin faɗin gindi sau tsawo, za a sami kimanin mililita 8, abin da bai cika cokalin shayi biyu ba. Ke nan wanda ya liƙa danƙo mililita ɗaya tak a cikin kogon ya cinye kashi ɗaya cikin takwas na iskar. Nan take muryar za ta haura. Wanda kuma ya sa magagari ya rarake bangon kogon ya ƙara iska, muryarsa sai ta sauka.

Mai busa yana da hanyar ramawa, domin bakin busa yana zamewa gaba da baya a kan wuyan bututun. In ramin gindinsa ya kai faɗin milimita 16, janye shi da milimita 5 zai mayar da mililita ɗayan da danƙo ya cinye. Wannan ne ya sa baki mai ƙaramin kogo yake zama can a ƙarshen wuya, har wani lokaci ya riƙa girgiɗi, mai babban kogo kuwa sai an tura shi ciki sosai.

Sai dai ramawar ba ta cika ɗari bisa ɗari. Sauyin da aka yi a baki ba ya taɓa muryoyi daidai wa daida. Milimita 5 a kan bututu mai tsawon mita ɗaya rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, alhali a kan mai santimita 30 ya haura kashi ɗaya da rabi. Tazarar da ke tsakanin murya da maƙwabciyarta a kiɗan Turai kuwa kusan kashi 6 ce kacal, don haka kunne yana kama wannan bambanci. Bugu da ƙari, kakkaurar murya, mai dogon zango, yawan iskar kogon kawai ta sani. Siririya kuwa, da yake zangonta gajere ne, har siffar kogon tana shafarta. Baki biyu masu ɗaukar iska iri ɗaya, ɗaya gajere mai tumbi, ɗaya dogo siriri, za su yi daidai a ƙasa su saɓa a sama.

Harshen ma yana da nasa rabo. Da yake yana lanƙwasawa idan iska ta matsa shi, yana aiki kamar ƙarin kogo, shi ya sa auna bakin busa da ruwa ba ya ba da cikakkiyar amsa. Harshe mai laushi ko sakin leɓe yakan saukar da murya. Zafi kuwa ɗaga ta yake yi, tun da gudun sauti, wanda yake mita 343 a sakan a ma'aunin zafi 20, yana ƙaruwa da kimanin mita 0.6 a kowane digiri.

Bakunan da Sax ya yi masu babban kogo ne zagayayye, muryarsu tattausa. Daga baya masu kiɗan jaz a Amurka, da suke neman a ji su cikin ƙarar kakaki da ganguna, suka karkata ga ƙananan kogo masu tudu a bayan tsinin baki. Fitaccen mabushi Sigurd Raschèr ya dage a kan tsarin Sax na asali. Sau da yawa tsohon saksofon da ake zargi da rashin saiti lafiyarsa ƙalau, baƙon baki kawai aka sa masa. Don haka masu gyara na ƙwarai sukan fara gwaji da kakin zuma, wanda ake iya ɓamɓarewa, su auna muryoyin ƙasa da na sama bayan kowane ƙari, kafin su ɗauki magagari.