Tablet mai araha: abin da ya kamata a sani kafin a saya

A kasuwar Arlit da ta Akokan, a teburin masu sayar da salula, ana ganin wani abu mai faɗi kamar allon makaranta. Fuskarsa gilashi ce. Ana taɓa shi da yatsa, sai rubutu da hoto su fito. Sunansa tablet. Ƙaramar kwamfuta ce. Ya fi salula girma, shi ya sa baƙaƙe ke fitowa manya-manya, ko mai raunin ido ya karanta.

Akwai masu tsada, akwai masu araha ƙwarai. Tun da aka rufe ma'adinin Kominak ran 31 ga watan Maris na 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, kuɗi ya yi wuya a gidaje da yawa. Maigida na son ɗansa ya samu abin karatu. Aljihunsa kuwa mai arahar kaɗai zai iya. To, mi ke cikin wannan mai arahar? Ina amfaninsa, ina kuma haɗarinsa?

Daga ina suke fitowa?

Galibinsu a ƙasar Sin ake haɗa su, musamman a birnin Shenzhen. Ƙwaƙwalwar da ke ciki ƴar ƙarama ce, ba ta fi farce ba sosai. Kamfanoni kaɗan ke yin ta, kamar Allwinner da Rockchip da MediaTek. Ƙananan masana'antu su sayi ƙwaƙwalwar, su sayi gilashi a nan, batir a can, su haɗa. Sannan ɗan kasuwa ya zo ya ce a buga masa sunan da ya ga dama a bayan abin. Shi ya sa ake samun tablet guda da suna biyar. Sunan da ke kan kwali ba ya nuna wanda ya ƙera.

Kafin ya iso Arlit ya sha hanya. Wani ya biyo ta Kano da Agadas, wani ta Aljeriya ko Libiya. In ya lalace, babu ƙofar da za a je a buga.

Neman kwamfuta mai araha domin talaka ba sabon abu ba ne. A watan Oktoba na 2011 gwamnatin Indiya ta fito da wani tablet mai suna Aakash domin ɗalibai. An ce dalar Amurka 35 ne, wato wajen jika 17 a lokacin. Duniya duka ta yi ta zancensa. Da ya shiga hannun ɗalibai sai kuka ya tashi: yana da nawa, sai an danna fuskarsa da ƙarfi, batir kuma ba ya daɗewa. Dole aka sake yin wani a 2012. Gwamnati ce guda ta sa aka yi shi, amma haka ya fito. Balle wanda babu mai sa masa ido.

Inda ake rage kuɗin

Mai ƙera abu da araha sai ya rage wani wuri. Wurare huɗu aka fi ragewa.

Na fari batir. Batirin tablet ba ya son zafi. A Arlit, cikin watan Mayu da Yuni, zafi kan wuce digiri 40 a inuwa. In an bar tablet cikin mota, ko an sa shi caji da tsakar rana ƙarƙashin kwano, batir ya gaji da wuri. Wani har ya kumbura, ya tura gilashi waje. Batirin da ya kumbura na iya kama wuta. Kada a danna shi, kada a huda shi, kada a ba yaro. A kai wa mai gyara ya cire.

Na biyu fuska. Wasu ba gilashin kirki ba ne, roba ce. Rairayi da ƙura su karce ta cikin ƴan watanni.

Na uku bakin caji. Shi ne ya fi saurin mutuwa, sabili da an manna shi sama-sama.

Na huɗu shi ne ƙarya. Kwali ya ce wurin ajiya giga 128 ne, alhali na ciki bai kai haka ba ko kusa. Abin takaici, ana iya gyara tablet ɗin shi kansa ya riƙa faɗin wannan ƙarya in an tambaye shi. Kamar mudu ne da aka cika wa gindi da laka: daga waje mudu ne, amma awonsa bai cika ba.

Gida mai ƙofar baya

Wannan shi ne babban zance, kuma ido ba ya ganinsa.

Tablet ba ya aiki sai da umurnin da aka rubuta aka zuba cikinsa. Kusan duk masu araha da tsarin Android suke aiki, na kamfanin Google. An bar tushen Android a buɗe, kowa na iya ɗauka ya gyara yadda ya so. Wannan ne ya sa abin ya yi araha. Amma kowane gini yana tsagewa. Tun 2015 Google ke fitar da gyara kowane wata domin toshe ɓarakar da aka gano. Manyan kamfanoni na aika wa masu wayoyinsu wannan gyara shekara da shekaru. Mai tablet maras suna kuwa ya sayar ya tafi. Yadda abin ya fito daga masana'anta, haka zai zauna har ya mutu. Katanga ce da ba a yi wa yaɓe.

Wani lokaci ma magini ne da kansa ke barin ƙofa. A 2016 masana suka gano cewa cikin umurnin da kamfanin Allwinner ya raba tare da wasu ƙwaƙwalensa akwai wata kalma guda. Duk wanda ya aika ta, na'urar duka ta shiga hannunsa. An ce ƙofar gwaji ce aka manta ba a toshe ba. Ko mantuwa ce, ɓarawo ba ruwansa da dalili.

Akwai wanda ya fi wannan muni: na'urar da ake sayarwa da ɓarawon tuni yana ciki. A 2015 wani kamfanin bincike ya samu tablet masu araha fiye da 17,000 da mugun umurni a cikinsu tun suna kwali. A 2020 aka gano irin haka cikin salula wajen 53,000 da aka sayar a Habasha, Masar, Gana, Kamaru da Afirka ta Kudu. Wayar da kanta take shigar da mai ita cikin abin da ake biya, ba da saninsa ba. Mutum ya sa kuɗin kira da dare, da safe ya tarar babu. A watan Maris na 2025 kuma masu bincike suka ba da labarin wani tarko da ake kira Badbox. Ya kama na'urori fiye da miliyan guda a duniya, har da tablet da akwatunan talabijin masu araha. A watan Yuni na shekarar hukumar FBI ta Amurka ta ja kunnen jama'a a kai.

Mi irin wannan ɓarawo ke yi? Yana cinye kuɗin intanet ɗin mai abin yana buɗe tallace-tallace a ɓoye. Yana ba wasu mutane na nesa hayar layin, su yi ta'asa da shi, sawun kuwa ya nuna gidan wanda bai ji ba bai gani ba. Wani yana iya karanta saƙon da ke kawo lambar sirri. Wanda ɗan'uwansa ke aiko masa da kuɗi daga wurin haƙar zinariya na Cibarakaten ko Jado, ya san abin da wannan ke nufi.

Goge tablet a mayar da shi kamar sabo ba ya korar irin wannan. Yana cikin tushen ginin ne, ba cikin shara ba.

Ƙofar da ke buɗe tana da amfani kuma

Kada a ce duka sharri ne. Rashin kullewar nan ita ce ke ba masu gyara dama. Tablet mai tsada an liƙe shi, buɗe shi na da wuya. Mai araha da farce ake buɗe bayansa. Ana sake batir. Ana sake bakin caji. Mai gyaran da ke da kwamfuta yana iya zubar da umurnin ciki duka ya zuba wani, abin da suke kira filashi. A ƙasashe da yawa akwai masu sha'awa da suka haɗa kai suna koyon cikin waɗannan ƙwaƙwale, suna raba abin da suka gano kyauta. Matashin da ya iya karatu yana iya samun sana'a a nan. Sai dai filashi ba tabbas ba ne: in umurnin da aka zuba daga gurɓataccen wuri ya fito, an kori ɓarawo an shigo da ƙanensa.

Na'ura kuma na taimakon karatu, an gwada. A 2009 da 2010 ƙungiyar CRS ta yi wani aiki mai suna ABC a ƙauyukan Doso da Damagaram. An koya wa ƴan yaƙi da jahilci rubuta saƙo da salula. Da aka yi jarrabawa, sun fi waɗanda ba su samu salula ba, a rubutu da lissafi.

Ga abin lura: ɓarawon da ke cikin tablet ba ya iya fitar da kome sai ta intanet ko ta katin waya. Tablet ɗin da ba a sa wa katin waya ba, ba a haɗa shi da intanet ba, allo ne kawai. Ana iya zuba masa darussa na Hausa ko Tamajak, da karatun malamai, da hotunan kiwon lafiya, ta katin ajiya. Domin wannan aiki mai araha ya isa. Domin ajiye kuɗi da karɓar lambar sirri bai isa ba. Wannan aiki a bar wa ƙaramar salula mai maɓalli, ko a je ofishin aika kuɗi da ƙafa.

Ranar saye

Mai saye ya tafi da wanda ya san kan abin. A kunna tablet a gaban mai kaya. A ja yatsa ko'ina bisa fuskar, har kusurwoyi. A sa caji, a motsa igiyar a gani ko yana yankewa. A ɗora shi bisa tebur a duba ko bayansa ya kumbura. A buɗe Play Store, a shiga wurin saiti, a duba ko Google ya shaida na'urar. Wanda ba a shaida ba shi ne ya fi haɗari, domin irinsu ne Badbox ya kama. Sabon tablet da ke fito da talla shi kaɗai, ko yana zafi alhali ba a aiki da shi, a mayar da shi.

A yi sharaɗi da mai kaya gaban shaida: kwana bakwai na gwaji. Cikin kwanakin nan a cika shi da bidiyo har ya ce ya cika, sannan a sake buɗe na farko a gani ko suna nan. A lura kuma awa nawa batir ke yi.

Cibiyar yaƙi da jahilci da ta tara kuɗi domin sayen da yawa, ta fara sayen guda. In ya yi wata guda lafiya a hannun malami, a koma wurin mai kayan a ce irin wannan ɗin ake so, a kuma gwada kowane guda daban, domin kwali ɗaya ba ciki ɗaya ba ne.