Jirgin Daren Ngaundere a Lokacin Damina

Layin dogon da ya haɗa Yawunde da Ngaundere a ƙasar Kamaru ya haura kilomita 600, kuma a 1974 aka kammala shi. Jirgin fasinja yakan tashi da yamma, ya kwana yana ratsa dajin kudu da kwarin kogin Sanaga, ya bi ta Nanga Eboko da Belabo da Ngaundal, sannan ya haye tudun Adamawa da safe. A Ngaundere dogo ya ƙare. Daga nan fatake da ɗalibai da masu zuwa ganin gida ke shiga mota zuwa Garwa da Marwa, wasu har Injamena. Da rani matafiyi na iya yin lissafin lokacin isarsa. Da damina kuwa, wadda a tudun Adamawa takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, sai dai ya ce in Allah ya kai mu.

Ruwan sama bai cika taɓa jirgin kansa ba. Abin da ke ƙarƙashinsa yake ci. Ƙarfen dogo yana zaune ne a kan katakai ko turakun kankare, su kuma a kan tsakuwa, tsakuwar a kan tudun ƙasa da aka dandaɓe. Idan aka wuni ana sheƙa ruwa, kwalbati ta toshe da yashi da rassa, ruwan sai ya nemi hanya ta cikin tudun, ya kwashe tsakuwar. Mai kallo daga nesa zai ga dogo a miƙe lafiya lau, alhali ƙarfen yana lilo a kan rami. A inda aka fasa tsauni don hanya ta wuce, laka da duwatsu kan zubo, iska kuma ta kayar da itace. Jirgi ba mota ba ne da zai kauce, kuma saboda nauyinsa yakan yi tafiyar ɗaruruwan mitoci bayan an taka birki. Shi ya sa ake umartar direba ya rage gudu, ko ya tsaya har ma'aikata su bi hanyar su duba.

Akwai kuma abin da ke ninka jinkirin. Layin ƙwaya ɗaya ne, na zuwa da na dawowa duk a kansa suke, jiragen fasinja da na kaya ba sa wuce juna sai a tashar da ke da layin ratsewa. Itace guda da ya faɗi a daji na iya sa jirgin da ke nesa da wurin ya yi ta zaman jira a wata ƙaramar tasha, fasinjojinsa na duban sama babu ko gajimare suna tambayar me aka tsaya yi.

Wanda ya san hanyar tun a gida yake fara shiri. Ba ya ɗaura tafiyarsa da wata hidima a rana ɗaya: in ɗaurin aure zai je ko jarrabawa, ko jirgin sama zai kama a Yawunde, yakan bar kwana guda a tsakani. Guzurinsa na yini biyu ne, ruwan sha da abin da ba ya lalacewa irin su kilishi, dabino, gyaɗa da burodi. A tashoshi mata kan zo bakin taga da ayaba da rogo, a wajen Adamawa har da zuma, amma jirgin da ya maƙale a tsakiyar daji ba mai tallar da zai same shi. Magungunan hawan jini da na ciwon suga su zauna a jakar hannu. Haka tocila, da batirin cajin waya, da ƴan canji, da mayafi mai kauri, domin sanyin asuba a kan tudu bayan ruwa yana ratsa ƙashi. Waya ba ta samun layi a wurare da dama, saboda haka gara a sanar da masu taryar mutum tun a babbar tasha cewa kada su tsaya kan agogo. Salla kuwa shari'a ta sauƙaƙa wa matafiyi, ga kasaru ga haɗa salloli biyu.

Idan jirgi ya tsaya a inda ba tasha ba, zama a cikin tarago ya fi. Wanda ya sauka cikin duhu bai san ko a kan gada yake ko a bakin kwazazzabo ba, jirgin kuma na iya motsawa ya bar shi. Labarin da za a kama shi ne na ma'aikatan jirgin, domin jita-jita a tarago gudu take yi. A kuma adana tikiti, da shi ake neman canjin rana ko mayar da kuɗi in an soke tafiya.

Wuri mafi haɗari shi ne inda kowa ke gaggawa. A daren 20 wayewar 21 ga Oktoba 2016 ruwa ya karya hanyar motar da ta haɗa Yawunde da Duwala, jama'a suka yi tururuwa zuwa tashar jirgi. Kamfanin jiragen ƙasa na Camrail ya ƙara wa jirgin Duwala taragu 8 a kan 9 da aka saba ja. Kusa da garin Eseka jirgin ya sauka daga kan dogo, mutum 79 suka rasu bisa alƙaluman hukuma, ɗaruruwa suka jikkata. Binciken gwamnati ya ɗora laifin a kan kamfanin, ya ambaci gudun da ya wuce ƙa'ida, da lodin da ya yi yawa, da matsalar birki. Ruwan bai taɓa dogon ba, hanyar mota ya yanke, cunkoson da ya biyo baya na cikin abubuwan da suka kai ga asarar rayuka. Matafiyin da ya iske tasha ta cika maƙil a irin wannan rana, ana cusa mutane har bakin ƙofa, yana da hujjar komawa masauki ya jira jirgin gobe, ko da zai biya kuɗin ɗaki na ƙarin dare.