SA ƊAYA, TSUTSA IRI-IRI: YADDA JIKINSA KE YAƘI DA SU

'Yan'uwa manoma, da wuya a sami saniya ko san noma mai tsutsa iri ɗaya kaɗai. Wanda ya yi kiwon damina ya haɗiyi 'ya'yan tsutsar ciki tare da ɗanyar ciyawa. Da rani kuma ya gangara fadama, ya kwashi tsutsar hanta, wadda Fulani ke kira balku, gama a jikin katantanwar ruwa take girma kafin ta manne wa ciyawa. Ga kuma sammore inda akwai ƙudan tsando.

Jikin dabba yana da garkuwa, amma hanyar yaƙinsa ba ɗaya ba ce. Ƙwayar cuta ƙanƙanuwa, kamar ta tarin fuka, takan ɓuya cikin ƙwayoyin jiki, sai jiki ya aika da waɗansu fararen ƙwayoyin jini su haɗiye ta su kashe. Tsutsa kuwa ta fi ƙarfin haɗiya. Domin haka jiki yakan sake dabara: hanji ya fitar da yauƙi mai yawa, ya riƙa motsi da ƙarfi domin ya tura ta waje, waɗansu ƙwayoyin jini kuma su manne mata suna zuba mata dafi. Wahalar ita ce, hanyoyin nan biyu suna danne juna. Sa'ad da jiki ya ba da ƙarfinsa ga tsutsa, ɗaya gefen yakan yi sanyi.

Tsutsar hanta ta ƙware wajen cin ribar wannan. Tana fitar da waɗansu abubuwa masu kwantar da garkuwar, domin ta zauna lafiya. Shi ya sa maraƙin da ya wuce damina ɗaya ko biyu yakan sami ƙarfin jure wa tsutsar hanji, amma babban sa yana iya kamuwa da balku shekara bayan shekara.

Ga abin da wannan yakan jawo. Ana gwada tarin fukan shanu da allura a fata, a dawo bayan sa'a 72 a duba kumburi. Kumburin nan aikin garkuwa ne. A shekarar 2012 masana na Jami'ar Libaful a Ingila suka nuna cewa a garkunan da tsutsar hanta ta yi yawa, gwajin yakan kasa kama waɗansu shanu masu cutar. Tsutsar tasu ba daidai da tamu take ba, 'yar'uwarta ce, amma ya isa ya sa mu lura. Saniyar da aka ce lafiyayya ce tana iya ɗauke da tarin fuka, yaranmu kuwa suna shan nononta. Ku tafasa madara kullum.

A Gambiya an gwada shanun Indama, masu jure wa sammore, an buga sakamakon a 1992. Waɗanda suka haɗa sammore da tsutsar ciki mai shan jini sun fi shan wuya a kan masu cuta ɗaya. Dalili a fili yake: wannan tana shan jini, wancan yana lalata shi, yana kuma raunana garkuwa. In kun ga cikin fatar ido ya yi fari, ƙarƙashin haɓa ya kumbura, kada ku tsaya kan cuta ɗaya. A kai kashi da jini wurin likitan dabbobi.

Akwai kuma labarin ɓauna a gandun dajin Kuruga na Afirka ta Kudu, na 2015. Ba wa ɓauna maganin tsutsa bai hana su kamuwa da tarin fuka ba, sai dai waɗanda suka kamu sun fi daɗewa da rai, wato sun sami ƙarin lokacin yaɗa cutar. A ganina wannan bai hana mu ba da magani ba. Abin da ya nuna shi ne, dabba mai tari da rama ba ta warke ba don kawai ta yi ƙiba bayan magani. A ware ta.

Maganin ma ba ɗaya ba ne. Allurar ibamektin ita kaɗai tana kashe tsutsar ciki, ba ta taɓa balku. Albendazol yana kashe manyan balku, ba ya kashe ƙananan, ba a kuma ba saniya mai sabon ciki. Tiriklabendazol ne ke kama ƙanana da manya. Ku kimanta nauyin dabba sosai, gama rage magani domin tsimi shi ke barin tsutsa masu taurin kai su hayayyafa.

Garkuwa kuma da abinci ake gina ta. San da ya wuni da garma a kan tattaka kaɗai ba shi da abin yaƙi. Ƙungiyar da ta iya, ta haɗa kuɗi tun kaka ta sayi angurya da dusa, ta ajiye harawa a rumfa, domin watannin Maris da Afrilu, kafin a fara huɗa.